Kwalbar da ta tona asirin masu algus

Hosradish farar saiwa ce mai yaji da ta samo asali daga kudu maso gabashin Turai. Ɗanɗanonta ya yi kama da na saiwar zogale, shi ya sa a Turanci aka laƙaba wa zogale sunanta. Yajinta ba ya fitowa sai an gurza ta, sannan a zuba ruwan khal da gishiri don kada ƙarfinsa ya gushe. Da ita Turawa ke cin gasasshen naman sa da kifi.

Gurzar tana sa hawaye, saboda haka a ƙarni na 19 gidaje da yawa a Amurka suka koma sayen haɗaɗɗiya. Wasu 'yan kasuwa kuwa suka riƙa cakuɗa ta da ɓarɓashin katako, suna ɓoye algus ɗin cikin kwalabe masu duhu.

A 1869, Henry Heinz, ɗan Jamusawa 'yan ci-rani da ke Sharpsburg a jihar Pennsylvania, ya fara sayar da tasa a kwalba garau, domin mai saye ya ga abin da zai ci. Kasuwancin ya karye a 1875, ya farfaɗo a 1876. Daga baya Heinz ya mara wa dokar tsabtar abinci ta 1906 baya, wadda ta haramta algus a cinikin abinci tsakanin jihohin Amurka.