Sakarin: Zaƙin da Aka Yi Shekara Ɗari Ana Shari'arsa



Da wuya a sami wanda ya tashi a garuruwanmu bai san ɗanɗanon sakarin ba, ko da bai taɓa ganin ƙwayarsa da ido ba. Shi ne zaƙin nan mai kaifi da ake ji a wani koko ko zoɓon leda, wanda in ya wuce sai ya bar ɗan ɗaci a maƙogwaro. Haka kuma da yawanmu mun taɓa jin an ce yana jawo ciwon daji. Wannan magana ba daga sama ta faɗo ba. Tana da shekarar da aka haife ta da wurin da aka haife ta, kuma hukumomin da suka fara yaɗa ta sun janye ta tun shekarar 2000. Sai dai akwai wata tuhuma da ta girme ta, wadda har gobe ba a wanke sakarin daga gare ta ba. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

A 1879, a Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka, wani masanin sinadarai mai suna Constantin Fahlberg yana aiki a ɗakin binciken Farfesa Ira Remsen. Abin da suke bincike a kai sinadarai ne da ake tatsowa daga kwalta, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke fita idan an dafa kwal. Kamar yadda Fahlberg ya bayar da labari da bakinsa, wata rana ya zauna cin abinci bai wanke hannu sosai ba, sai ya ji burodin da ya taɓa ya yi zaƙi fiye da kima. Ya koma ɗakin bincike yana ɗanɗana kwanukan aikinsa ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda zaƙin ya fito. Su biyu suka wallafa sakamakon binciken, amma da aka zo maganar kuɗi, a 1884 Fahlberg ya nemi rajistar mallaka da sunansa shi kaɗai. Remsen bai taɓa yafe masa ba. Mu riƙe sunan Remsen, domin za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Abin da ya sa 'yan kasuwa suka yi rububin sabon sinadarin lissafi ne mai sauƙi. Zaƙinsa ya ninka na sukari kamar sau 300, wato giram ɗaya zai yi aikin da sukari giram 300 zai yi. Fahlberg ya kafa masana'anta kusa da Magdeburg a Jamus. A Amurka kuwa, kamfanin Monsanto da aka kafa a 1901 da sakarin ya buɗe kasuwa. Wani abu kuma da aka gane da wuri shi ne jiki ba ya narkar da shi. Yadda ya shiga haka yake fita ta fitsari, bai ƙara wa mutum ƙarfi ko na sisin kwabo ba. Ga mai ciwon sukari wannan alheri ne. Ga leburan da ya sayi abin sha yana zaton zai sami kuzari, asara ce.

Yaƙin farko da aka yi da sakarin na ciniki ne. Jamus tana da manyan manoma da masana'antun da ke tatsar sukari daga wata saiwa, gwamnati kuma tana samun haraji mai tsoka daga gare su. Da suka ga sakarin zai karya masu kasuwa, sai suka matsa lamba har aka yi doka a 1902 wadda ta mayar da shi kayan kantin magani. Talakawa ba su daina nema ba, don haka fasa-ƙwaurinsa daga ƙasar Suwizalan ya zama sana'a.

A daidai wannan shekara, a birnin Washington, wani likita ya tasar wa magungunan da ake zubawa cikin abinci haiƙan. Sunansa Harvey Wiley, shugaban sashen sinadarai na Ma'aikatar Gona tun 1883. A lokacin masu masana'antu suna zuba abin da suka ga dama a nama da madara da kayan gwangwani don kada su lalace, ba kuma dokar da ta tilasta masu su rubuta a jikin kaya. Wiley ya tara samari 12 'yan sa-kai, ya buɗe masu ɗakin cin abinci a cikin ma'aikatar, yana ciyar da su abinci mai kyau da aka sa wa ɗaya daga cikin waɗannan magunguna a bisa awo. Ya fara da boraks, daga baya ya kai ga fomalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi. Ana auna nauyinsu, ana duba fitsarinsu da bayan-gidansu, ana rubuta duk ciwon kai da tashin zuciyar da suka yi. 'Yan jarida suka laƙaba masu suna Rundunar Guba, labarinsu ya game ƙasa.

Alƙaluman Wiley su kaɗai ba su motsa majalisa ba. A farkon 1906 Upton Sinclair ya fitar da ƙagaggen labarinsa The Jungle, bayan ya yi mako bakwai yana shiga cikin ma'aikatan mahautan Chicago yana ganin abin da ake yi da idonsa. Ƙazantar da ya bayyana ta tayar da hankalin jama'a, cinikin nama ya faɗi. Ranar 30 ga Yuni 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna.

Da doka ta shigo hannu, Wiley ya juyo kan sakarin. Tuhumarsa iri biyu ce: yana ganin yana cutar da jiki, kuma yana ganin ha'inci ne a sayar wa mutum abu da sunan mai sukari alhali an musanya sukarin da abin da ba ya ciyarwa. A 1908 aka yi zama a fadar shugaban ƙasa, inda wani ɗan majalisa mai kamfanin masarar gwangwani ya yi bayanin irin kuɗin da sakarin ya rage masa. Wiley ya katse shi da cewa an yaudari duk wanda ya ci masarar, an kuma ba shi abu mai lahani. Abin da bai yi la'akari da shi ba, Roosevelt kansa yana shan sakarin kullum bisa umarnin likitansa. Shugaban ya fusata, ya kira duk mai cewa sakarin na da illa wawa. Daga nan ya naɗa kwamitin masana da zai riƙa duba hukuncin Wiley, ya ɗora Ira Remsen a shugabancinsa, mutumin da aka gano sakarin a ɗakin bincikensa.

A 1911 kwamitin ya ce abin da bai wuce giram 0.3 a rana ba ba ya cutarwa, amma fiye da haka yana iya dagula narkewar abinci. A 1912 aka hana sa shi cikin abincin sayarwa na yau da kullum, aka bar shi ga marasa lafiya. A shekarar ce kuma Wiley ya ajiye aiki. Hanin bai yi ƙarko ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo ƙarancin sukari, na Biyu ya maimaita, kuma kowane karo sakarin ne ya cike gurbin. Wannan ɗabi'a tasa ce tun fil azal: duk inda sukari ya yi tsada, nan yake samun shiga.

Bayan yaƙi ya sami sabuwar kasuwa a wurin masu son rage ƙiba. Akan gauraya shi da wani sinadarin zaƙi da ake kira siklamet, wanda aka gano a 1937, domin kowannensu yana rufe ɗacin ɗan uwansa. A nan maganar ciwon daji ta shigo. A 1958 Amurka ta yi gyaran doka da ya ce duk abin da aka tabbatar yana jawo ciwon daji a mutum ko a dabba ba za a sa shi a abinci ba, komai ƙanƙantarsa. A 1969 aka ga ƙari a mafitsarar ɓerayen da aka ɗura wa gaurayen nan, sai aka haramta siklamet. A 1977 wani bincike a Kanada ya nuna irin wannan ƙari a ɓerayen da aka ciyar da sakarin zalla. Kanada ta hana shi a abinci, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ita ma ta sanar da niyyar yin haka.

Jama'a suka yi ca, musamman masu ciwon sukari da ba su da wani madadi a lokacin. Aka yi ta yaɗa lissafin cewa sai mutum ya sha gwangwanin lemo kusan 800 a rana kafin ya kamo abin da aka bai wa ɓerayen. Majalisa ta dakatar da haramcin, ta ce a maimakonsa a rubuta gargaɗi a jikin duk kayan da ke ɗauke da sakarin, cewa an same shi yana jawo ciwon daji a dabbobin gwaji. Wannan rubutu ya yi shekara 23 a jikin kwalabe da fakiti, kuma shi ne ya kai sunan sakarin da ciwon daji ko'ina a duniya a matsayin tagwaye.

A tsawon waɗannan shekaru masana suka yi ta tono dalilin ƙarin. Suka gano cewa fitsarin ɓera, musamman namiji, ya bambanta da na mutum wajen yawan furotin da gishirin da ke cikinsa. Idan aka cika shi da sakarin, sai wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi su taru a mafitsara su riƙa gurzar bangonta, daga yawan gurza da warkewa ƙari ya tsiro. Wannan ba ya faruwa a jikin ɗan Adam, kuma binciken da aka yi a kan mutanen da suka daɗe suna shan sakarin bai nuna wata alaƙa tabbatacciya da ciwon dajin mafitsara ba. A 1999 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke shi daga rukunin abubuwan da ake zargi. A 2000 Amurka ta cire shi daga nata jerin, aka kuma soke rubutun gargaɗin.

Kada wannan ya sa mu ɗauka cewa gwajin ɓera aikin banza ne. Akwai wani sinadarin zaƙi sa'an sakarin, mai suna dulsin, wanda irin wannan gwaji ya fallasa illarsa ga hanta, aka kawar da shi daga kasuwar Amurka a shekarun 1950, bai sake dawowa ba. Haka sinadarin buromet da masu gidan burodi ke sawa don burodi ya kumbura: gwajin ɓeraye a Japan ya nuna yana jawo ciwon dajin ƙoda, Ingila ta hana shi a 1990, a Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta haramta shi zamanin Dora Akunyili. Kowane sinadari da tasa shari'ar, da nasa hukuncin.

To, me ya rage a wuyan sakarin? Abu biyu, kuma dukansu sun fi shafarmu fiye da waɗanda suka yi ta wannan jayayya. Na farko awo. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60 yana da miligiram 300, wanda ya zo daidai da giram 0.3 ɗin kwamitin Remsen. Yaro mai kilo 20 yana da miligiram 100 kacal, wato zaƙin da ya kai na sukari giram 30, abin da bai ma cika sukarin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya ba. Ke nan idan da sakarin zalla aka haɗa zoɓo har ya kai lemon kwalba zaƙi, gora ɗaya ta kai yaron bakin iyakarsa ta ranar. An sa wannan iyaka da rata mai faɗi, ƙetare ta sau ɗaya ba guba ba ce. Amma an yi ta ne don abin da ake sha kullum, kuma mai ɗiba da tsinin cokali ba ta da sikelin miligiram. Lemon kamfani yana da takarda a jiki, mai karatu zai ga sunan sakarin ko lambarsa, E954. Ƙullin leda ba ya faɗin komai.

Na biyu shi ne tsohuwar tuhumar Wiley ta ha'inci. Yaron da koko ne karin kumallonsa kafin ya tafi makaranta, sukarin da ke ciki yana cikin abin da zai riƙe shi zuwa azahar. In an musanya shi ba tare da uwarsa ta sani ba, harshensa ya ji zaƙi, jikinsa bai karɓi komai ba, kuɗin kuma an biya. Ba mu manta ba cewa mai kokon ita ma tsadar sukari ce ta tura ta, kamar yadda ta tura matan Turai a lokacin yaƙi. Ko masu shansa don rage ƙiba, a watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi don wannan buƙata, domin ba a ga amfaninsu mai ɗorewa ba. Shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba.

Saboda haka idan zancen ya taso a gida ko a cikin rubutunmu, cewa sakarin na jawo ciwon daji maimaita hukuncin 1977 ne da aka riga aka warware. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda Wiley ya yi a gaban shugaban ƙasa har ta jawo masa zagi: me aka sa a ciki, nawa aka sa, kuma an gaya wa mai saye? A wurinmu amsar tana hannun mai koko da mai zoɓo na unguwa, kuma babu laifi a tambaye su cikin mutunci kafin a miƙa wa yaro kofi.