Daga Tangaraho Zuwa Intanet: Tarihin Saƙo da Amsa a Zariya

Tun zamanin da, babbar damuwar mai aika saƙo ita ce dawowar amsa. A ƙasar Zazzau manzon sarki yakan kwashe kwanaki bisa doki kafin ya komo da jawabi, kafin nan kuwa sau da yawa al'amarin da aka aike shi dominsa ya riga ya sake kama.

A cikin shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya, Sabon Gari kuma ya kafu a gefen tasha. Wayar tangaraho ta biyo layin dogo, har ya zamana ma'aikacin tasha yakan buga wa Kano, amsa ta dawo masa nan take. Amma talaka, wanda ake lissafa wa kuɗi bisa kowace kalma, bai ci moriyar abin sosai ba. Ko da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, mai karatu yakan rubuto wasiƙa ne, sa'an nan ya zauna jiran fitowa ta gaba.

Abin mamaki, shafukan intanet ma da irin wannan jira suka fara. Tsarin da Tim Berners-Lee ya ƙago a 1989, a cibiyar CERN kusa da Janeba, ya ginu bisa roƙo da bayarwa: kwamfutar mai karatu ta nemi shafi, babbar kwamfutar da ke riƙe da shi, watau uwar garke, ta miƙo, shi ke nan an rabu. Uwar garke ba ta da ikon fara magana. Saboda haka masu tsara manhajoji suka riƙa sa kwamfuta ta yi ta tambaya bayan kowane 'yan daƙiƙoƙi, kamar ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da ke zarya zuwa allon sanarwa don duba sakamakon jarrabawa. Wannan ɓarnar lokaci ce da ta kuɗi.

Sai a watan Disamba na 2011, shekara ɗari cif bayan isowar jirgi, aka tabbatar da ƙa'idar WebSocket. A wannan tsari, da zarar kwamfutocin biyu sun gaisa sau ɗaya, hanya takan zauna a buɗe, kowane ɓangare ya yi magana sa'ad da ya ga dama. Da yake wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya tun 2001, abin bai daɗe ba ya kai hannun ɗan kasuwar Sabon Gari da ɗalibin Samaru.

To, na'ura dai ta sauke nauyinta, saura mutum. Ofishin da ya buɗe shafin amsa wa jama'a nan take, amma bai ajiye ma'aikacin da zai saurare su ba, ya mayar da talaka zamanin manzo da doki. Hausawa sun ce amsa kira wajibi ne, kuma wannan haƙƙi yana wuyan masu riƙe da ofisoshi.