Wata Uku a Jikin Takarda: Tarihin Ƙawa daga Sifawa zuwa Katin Biki

Wanda ya saba halartar walimar biki a Sakkwato ya san furen takarda: manya a jikin bango, ƙanana a kan katin gayyata. Akwai wani irinsa mai wuyar yi, wanda ake yi da takarda mai kauri amma shara-shara. Ana danna ta ta baya da ƙarfe mai dunƙulallen baki har wurin ya yi fari ya kumburo, a huda gefe da allura, a yanke ganyen furen ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa, a manna su hawa-hawa har furen ya tashi daga jikin katin. Sana'ar ta samo asali ne daga katunan addini na Katolika a Turai, ta tsallaka Kudancin Amurka ta kafu a Kolombiya, kana ta yi suna a Holan cikin shekarun 1980 da sunan Pergamano.

Mu ma mun daɗe muna ƙawata takarda, sai dai kakanninmu ba su sa mata almakashi ba, domin ta fi ƙarfin a yanka ta. Tarihin Bodinga ya isa shaida.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bodinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a garin Bodinga, kusa da shi. Shekaru ne na rubutu babu ƙaƙƙautawa. A 1812 Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, a 1813 Malam Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙati, wato ƙawata takardu, littafin da ya tara waƙoƙinsa da labarin jihadi. Kowane littafi sai an kwafe shi da hannu kafin ya isa Gwandu, Kano ko Katsina, kuma kowane kwafi takarda yake ci.

Ita kuwa takardar daga nesa take zuwa. Mafi yawanta a masana'antun arewacin Italiya ake yin ta, ta ratsa teku zuwa Tarabulus ko Masar, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara. Idan ka ɗaga tsohon shafi ka fuskanci rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ambaci takarda mai wannan alama cikin hajojin kasuwar birnin. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a yi masa wasa. Shi ya sa yaro yake fara karatu a allo, wanda ake wankewa a sake rubutawa.

Saboda haka ƙawa ta koma bakin alƙalami. Marubucin Alƙur'ani yakan haɗa tawada da bagaruwa da ƙaro, ya tanadi ja da rawaya don wasali da ƙarshen aya, ya zana da'ira ko murabba'i mai saƙa a gefen shafi don nuna hizbi, rubu'i, sumuni da wurin sujada. Ba a ɗinke shafukan. Kalmar farko ta shafi na gaba ake rubutawa a ƙasan na baya don kada su rikice, sannan a adana su cikin gafaka ta jar fatar akuyar Sakkwato. Wannan fasaha ta zayyana ita ce ake gani a allon saukar karatu.

Zuwan Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa Kano ya sauya darajar takarda. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, ya fara da allo a gida, ya shiga elementare a Yabo, daga baya ya zama malamin makaranta. A rayuwar tsararsa takarda ta tashi daga hajar fatake ta koma littafin rubutun ɗan makaranta. Yau ta yi arhar da za a yi fure da ita, a share bayan biki.

Babu laifi a wannan. Sana'a ce da 'yan mata da yawa ke cin abinci da ita. Abin damuwa shi ne, yayin da muke kwaikwayon furen Holan daga bidiyon waya, tsofaffin shafukan suna hannun gara da danshi a ɗakunan gado. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato tana adana wasu, amma masu yawa suna gidajen malamai. Mai yin kati da ta zauna rana guda da mai zayyana za ta tashi da zanen da babu shi a kasuwar Turai, shi kuma ya sami sabon mai sayen aikinsa. Idan akwai gafaka a gidanku, ku buɗe ta a hankali, ku ɗauki hoton kowane shafi, ku ɗaga ɗaya ku duba ko watan nan uku suna ciki.