Ƙuduji da Tarihin Noma a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya ratsa gonakin Funtuwa da Malumfashi a ƙarshen damina ba zai rasa ganin wani tsiro mai fure ja-ja, mai kyan gani, a tsakanin dawa ba. Shi ne ƙuduji, ko wuta-wuta, wanda masana ke kira Striga hermonthica. Tun a 1916 Dokta J. M. Dalziel ya sa sunansa cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa.

Damina guda yake yi ya mutu, amma gindi ɗaya yakan zubar da dubban ƙwayoyin iri, ƙanana kamar ƙura, masu iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Irin ba ya tsira sai ya ji wani ruwa da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Daga nan sai ya maƙale wa saiwar, ya yi makonni yana tsotse ta a ɓoye. Kafin manomi ya ga fure, ɓarna ta riga ta auku. Ya kuwa fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa wadda ba ta samun taki.

Saboda haka tarihin ƙuduji tarihin gona ne. A da, akan bar gona ta huta, akan kuma juya shuka. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, noman auduga ya bunƙasa, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Auduga kuwa tana yaudarar ƙuduji: saiwarta takan tashe shi, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa. A 1966 masana a Amurka suka gano sinadarin da ke yin haka, watau strigol, daga saiwar auduga.

A 1975 aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya. Takin zamani ya yi araha, masara ta yaɗu. To, bayan 1986, sa'ad da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, auduga ta yi ta tangal-tangal, daga baya taki ya yi tsada. Jama'a ta ƙaru, hutun gona ya ragu, hatsi ya riƙa bin hatsi shekara da shekaru. Babu abin da ƙuduji ke so kamar wannan.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta IITA ta Badun sun fito da irin masara mai jure masa, sun kuma nuna amfanin juya hatsi da waken soya ko gyaɗa, da tuge shi kafin ya yi iri. Ke nan ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su lura: duk shawarar da aka yanke a ofis game da farashin taki ko na auduga, a gindin dawar talaka take bayyana.