Dokar da Ingila ta Binne, 'Ya'yanta Suka Gada

A Ingila ta ƙarni na 17, wanda ya soki sarki ko mai muƙami a rubuce ba ya tsira don ya faɗi gaskiya. Alƙalan zamanin sun ɗauka cewa zargin da ke da tushe ya fi na ƙarya haɗari, domin shi talakawa suka fi saurin yarda da shi. Daga wannan tunani aka haifi dokar hana tunzura jama'a su ƙi gwamnati, wadda ta bi jiragen ruwan Turawa ta zagaya duniya.

Amurka ta ɗanɗana ta na ɗan lokaci. A 1798 majalisa ta kafa irinta, aka ɗaure ɗan majalisa Matthew Lyon wata huɗu, aka ci shi tarar dala 1,000 saboda sukar Shugaba John Adams. Mutanen jiharsa ta Vermont kuwa suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Wa'adin dokar ya ƙare a 1801.

A Indiya ne ta samu gindin zama. A 1870 aka saka sashe na 124A cikin kundin hukunta laifuffuka, kuma da shi aka tura Bal Gangadhar Tilak kurkukun Mandalay shekara shida a 1908. A 1922 aka gurfanar da Mahatma Gandhi kan wasu rubuce-rubuce da ya buga a jaridarsa. Bai yi jayayya ba: ya amsa laifin, ya ce wa alƙali ko dai ya yi murabus ko ya yanke masa hukunci mafi tsanani. Alƙali ya yanke shekara shida, amma an sake shi a 1924 bayan an yi masa aiki a ciki.

Afirka ta Yamma ta samu nata rabon. A Legas an kafa dokar a 1909, zamanin Gwamna Egerton, bayan jama'a sun yi bore kan harajin ruwan famfo. A Gana ta wancan lokaci kuma, a 1936, aka kama Wallace-Johnson da Nnamdi Azikiwe kan wata maƙala a jaridar African Morning Post. Azikiwe ya kuɓuta da ya ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne abin da ya biyo bayan mulkin kai. Waɗanda bulalar ta taɓa sun hau kujera, suka same ta a rataye, ba su yar da ita ba. A Najeriya, a 1961, Azikiwe yana Gwamna Janar, aka samu masanin lissafi Chike Obi da laifi kan wata 'yar ƙasida da ya raba yana sukar gwamnati, Kotun Ƙoli kuma ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Sai a 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Enugu ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa shekara guda kan littafin da ya rubuta game da mulkin Gwamna Jim Nwobodo, ta ce doka ce ta 'yan mulkin mallaka da ba ta dace da 'yantattun mutane ba. Murna ba ta daɗe ba. Shekara na zagayowa sojoji suka fito da Doka ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaiɗaya kan labarin naɗin jakadu.

Gana ce ta yi ta maza: a 2001, zamanin John Kufuor, majalisa ta soke dokar tare da ta ɗaure mutum kan ɓata suna. Ita kanta uwar ɗakin, Ingila, ta bi sahu a 2009.

Indiya ta ja ƙafa har Mayun 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta dakatar da aiki da sashe na 124A. A Yulin 2024 sabon kundi ya maye gurbin na Turawa, babu tsohon sunan laifin a ciki. Sai dai lauyoyi da 'yan jarida na nuna sashe na 152, mai hukunta abin da ke barazana ga haɗin kan ƙasa, wanda hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai.