Tafinta Kurma a Aji: Aikin da Ake Yi Ba a Biya

Idan aka ce tafintan kurame, hankalin yawancinmu yana tafiya ga mutum mai ji da ya koyi alamu, yana tsaye a kusurwar akwatin talabijin yana fassara jawabin gwamna. Akwai wani tafintan da ba a cika maganarsa ba a ƙasar nan, wato wanda shi kansa kurma ne. Wani zai ce: wanda bai ji abin da malami ya faɗa ba, me zai fassara? Hujjar wannan maƙala ita ce makarantun arewacin Nijeriya sun fi buƙatar wannan tafinta fiye da ƙasashen da suka riga mu ba shi takardar shaida, kuma dalilin yana cikin yadda ilimin kurame ya shigo mana.

Andrew Foster, baƙar fatar Amurka ne kuma kurma, wanda ya kammala Kwalejin Gallaudet a 1954. Ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da wannan hidima a ƙasashen Afirka da dama har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Da shi da ɗalibansa ne suka dasa maganar hannun Amurka a azuzuwanmu. Wannan alheri ne, musamman idan aka tuna cewa taron malaman kurame na Milan a 1880 ya yanke shawarar a raba yara da alamu a tilasta musu karanta leɓe, kuma sai a 2010, a Bankuba, magadan wannan taro suka yi tir da shawarar. Lokacin da aka kafa Kwalejin Ilimi ta Musamman a Oyo da makarantar Tudun Maliki a Kano, duk a 1977, wannan gadon na Foster aka ɗora a kai: alamun Amurka, galibi a jere bisa tsarin jimlar Turanci, da harrufa da yatsu.

Sai dai Foster bai tarar da fili fetal ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wadda suke gadonta daga juna a kasuwa da majalisa da wajen sana'a, har da Sarkin Bebaye a Kano. Wata mai bincike, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, kuma littafinta da ya fito a 2000 ya nuna cewa maganar hannu harshe ne mai tsarinsa, ba Hausa ce da aka mayar hannu ba, ba kuma reshen ta Amurka ba ce.

To a nan matsalar take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. A arewa kuwa da yawa ba da kurunta aka haife su ba. Sanƙarau da ƙyanda ne suka tafi da jinsu, kuma annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 10,000 a Nijeriya, ta bar wasu ba sa ji. Don haka aji ɗaya yakan haɗa yaron da ya taɓa magana da Hausa kafin ciwo, da wanda ya taso da maganar hannu cikakkiya domin akwai manyan kurame a unguwarsu, da wanda ya zo daga ƙauye yana ɗan shekara goma ba shi da komai sai 'yan alamun da shi da mahaifiyarsa suka ƙirƙira don abinci da aike. Allo yana Turanci. Tafinta mai ji, in an samu, alamun kwaleji ya koya, sau da yawa bai san maganar hannu ba, wani lokaci ma Hausar ba ta zauna masa ba. Hannunsa yana motsi, yaro yana kallo, shugaban makaranta ya leƙo ta taga ya ga ana aiki. Ba a yi ƙarya ba, amma saƙo bai isa ba.

A ɗauki darasin yadda ruwa yake tashi ya zama girgije. Malama ta faɗi kalmar Turanci mai harrufa 11, tafinta mai ji ya jero harrufanta da yatsu, ya wuce. Yaron da bai iya karatu ba ya ga harrufa 11 sun wuce ta gabansa, shi ke nan. Tafinta kurma, wanda yake karɓar saƙon daga hannun abokin aikinsa ko daga rubutun allo, zai ajiye tafki a ƙasa ta hagu, ya ɗora rana a sama ta dama, ya nuna tururi yana tashi da yatsu, ya kumbura kumatu girgije ya yi nauyi, sannan ya sako ruwan. Sai bayan ma'ana ta zauna zai kawo alamar makaranta da harrufan, domin su za a tambaya a jarrabawa. Fuska da gira da wurin da aka ajiye abu a sarari nahawu ne a harsunan hannu, kuma wanda ya rayu a ciki ya fi wanda ya koya da girma sarrafa su. Ya kuma san gyaɗa kan ƙarya. Yaro kurma tun yana ƙarami yake koyon gyaɗa kai don a ƙyale shi, kuma wanda ya taɓa yin haka da kansa ba a ruɗinsa da shi.

A ganina ɗaya ɓangaren ya fi wannan nauyi, wato daga yaro zuwa babba. Ranar da aka zargi ɗalibi da sata, ko yarinya take son faɗin abin da wani ya yi mata a ɗakin kwana, ko aka kai yaro asibiti ana tambayar inda yake masa ciwo, alamun da za su fito daga hannunsa cikin tsoro ba na littafi ba ne. Kuskure a nan ba maki yake ci ba. Saboda irin waɗannan lokuta ne ƙungiyar rajistar tafintoci ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, ta ware takardar shaida ta musamman ga tafintoci kurame, kuma ana kiran su kotu da asibiti da makaranta.

Akwai suka, kuma ba ta banza ba ce. Ta farko kuɗi: jihar da ba ta ɗauki tafinta ɗaya ba, ina za ta ɗauki biyu? Ta biyu, saƙon da ya bi ta hannu biyu yana jinkiri, yana iya zubewa a hanya. Ta uku ta fi ƙarfi: me ya sa kurma zai tsaya a gefe yana fassara, ba ya riƙe alli ya koyar da kansa? Na yarda da wannan a firamare. Yaron da bai da harshe ba fassara yake buƙata ba, harshen yake buƙata, kuma malami kurma ne zai ba shi kai tsaye. Amma ba za a samu kurma malamin kimiyya da na lissafi da na addini a kowace sakandare nan kusa ba, ga kuma yaran da ake kaiwa makarantun haɗaka su biyu ko uku cikin masu ji. Game da kuɗi, ba kowane darasi ne yake buƙatar mutum biyu ba. Kurma ɗaya ƙwararre zai iya riƙe sababbin shiga, da bitar yamma, da zaman ladabtarwa, da bayanin ƙa'idojin jarrabawa. Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Al'ummar kurame ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma abin da yarinya ta faɗa a ofis da safe yana iya isa majalisa da yamma idan ba a horar da tafintan a kan amana ba.

Wannan ma hujja ce ta a mayar da aikin tafinta kurma na hukuma, domin ana yin sa tuni. Manyan ɗalibai ne suke sake bayyana wa ƙanana darasi da dare, da tsofaffin ɗaliban da suke zuwa taimako, babu horo babu albashi. Kurame ne kuma suka fi saurin gane tafintan da bai iya ba. A taron addu'ar Nelson Mandela a Disambar 2013, mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana motsa hannu babu ma'ana, kuma kurame ne suka tona shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Doka ba ta hana ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma sashe na 24 ya ambaci harshen alama da ɗaukar malamai masu nakasa. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu bambanci. Cikas ɗin yana wajen ɗaukar aiki: ana neman takardar shaidar malanta ta NCE da sakamako mai kyau a Turanci, wato daidai abin da wannan tsarin ya hana kurame da yawa samu. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna iya buɗe gurbin tafinta kurma mai matakin albashinsa, da gajeren horo kan fassara da riƙe sirri, a kuma gwada mai nema a maganar hannu da alamun makaranta duka biyu, a gaban kwamitin da kurame suke ciki.