Tarihin Babban Yatsa: Yadda Aka Jera Madannan Na'urar Wasa ta Hannu

Da yawanmu mun taɓa riƙe irin ƴar na'urar nan ta roba da ake kira Brick Game, wadda ta cika kasuwanni tun daga shekarun 1990, ko kuma mun ɓata dare muna kiwon maciji a wayar Nokia. A yau ƙannenmu da ƴaƴanmu, daga Yamai da Maraɗi zuwa zangon Kumasi da Garwa, suna cika ɗakunan wasan ƙwallo na PlayStation. Duk wanda aka miƙa wa irin waɗannan na'urori, hannunsa kan san inda zai sauka tun kafin a yi masa bayani: babban yatsan hagu ya kama tuƙi, na dama ya kama aiki. Muna ɗaukar wannan tsari kamar haka Allah ya halicce shi, alhali wasu mutane ne suka zauna suka yanke shi, a wani gari, a wata shekara, saboda wata matsala da ta sha musu kai.

Labarin ya faro ne a birnin Kyoto na ƙasar Japan. A shekarar 1889 Fusajiro Yamauchi ya kafa kamfanin Nintendo, kuma sana'arsa ta farko ita ce buga katin wasa na gargajiya da ake kira hanafuda. A 1965 kamfanin ya ɗauki wani matashi mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya karanta fannin lantarki, domin ya riƙa kula da injinan masana'anta. A lokacin hutunsa ya ƙera wani hannun wasa mai miƙewa da naɗewa. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gani, ya sa aka mayar da shi haja da sunan Ultra Hand a 1966. Daga nan mai gyaran inji ya koma mai ƙirƙirar kayan wasa.

An ruwaito cewa wata rana Yokoi yana cikin jirgin ƙasa sai ya ga wani fasinja da zaman ya gundura yana ta danne-dannen na'urar lissafi ta aljihu don rage lokaci. Wannan ne ya haifar da Game & Watch a 1980, ƴar na'ura mai wasa ɗaya tak da agogo a jikinta. Wasan farko, Ball, madannai biyu kawai yake buƙata, ɗaya a gefen hagu, ɗaya a gefen dama, domin motsin bai wuce hagu da dama ba. Kowane yatsa da nasa madanni, babu gardama.

Gardamar ta taso a 1982, lokacin da aka so a sauko da wasan Donkey Kong cikin aljihu. A manyan injinan ɗakunan wasa, ana sarrafa shi ne da ƴar sanda mai motsi ɓangare huɗu, ga kuma madanni guda na tsalle. To amma sabuwar na'urar mai fuska biyu ce, ana rufe ta kamar littafi, kuma sanda mai tsini ba za ta bari murfi ya rufu ba. Idan kuwa aka jera madannai huɗu rarrabe, mai wasa zai riƙa ɗauke ido daga fuskar na'ura yana duba inda yatsansa yake, kuma cikin wannan ƙiftawar ido ganga ta riga ta buge shi.

Mafitar da Yokoi da abokan aikinsa suka samo ita ce madanni guda ɗaya mai siffar alamar tarawa, shimfiɗaɗɗe, mai rassa huɗu kamar mararrabar hanya. A ƙarƙashin tsakiyarsa akwai ɗan tudu da yake jingina a kai, ta yadda idan an danna sama, ƙasa kan ɗaga, idan an danna hagu, dama kan ɗaga. Saboda haka ba zai yiwu a ba na'ura umarni biyu masu karo da juna a lokaci guda ba. Abu mafi muhimmanci kuma, yatsa yana jin siffar rassan, ya san inda yake ba tare da ido ya taimaka masa ba. Aka sa shi a hagu, aka sa madannin tsalle a dama. Wannan rabon aiki tsakanin hannaye biyu shi ne muka gada har yau.

A 1983 aka ɗauki tsarin nan aka ɗora a kan abin riƙon Famicom, na'urar wasa ta gida, aka ƙara madannai biyu na aiki, A da B, da wasu ƙanana biyu a tsakiya na zaɓi da farawa. Ko a nan sai da aka yi tuntuɓe. Madannan A da B na farko masu kusurwa huɗu ne, na roba mai laushi, kuma sukan maƙale idan an danna su da ƙarfi, sai aka mayar da su zagayayyu. Siffar madanni, da taurinsa, da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, duk abubuwa ne da hannun yara ya koya wa injiniyoyi bayan kaya sun shiga kasuwa.

Ranar 21 ga Afrilu, 1989, Game Boy ta fito a Japan, aikin sashen da Yokoi ke jagoranta tare da Satoru Okada. Madannanta su ne dai na Famicom, sai gyara guda ɗaya da ba kowa ke lura da shi ba: an karkata A da B, A ya ɗan hau sama ta dama, B ya ɗan sauka ta hagu. Dalilin yana jikin hannunmu. Babban yatsa ba ya tafiya a miƙe, lilo yake yi daga gindinsa kamar ƙyauren ƙofa, don haka madannan da aka jera a karkace sun fi dacewa da hanyarsa. Mai wasa na iya riƙe ɗaya da kan yatsa, ya mirgina ya taɓa ɗayan ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Game Boy ba ta fi kishiyoyinta kyau ba. Fuskarta ba ta da launi sai kore-kore da duhu, alhali Lynx ta kamfanin Atari da Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990, duk masu launi ne. Sai dai waɗancan batir 6 suke ci, su ƙare cikin ƴan sa'o'i, ita kuwa batir 4 kan kai ta nesa ƙwarai. Yokoi yana da ra'ayin cewa a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, wadda ta yi araha kuma aka san halinta, a nemo mata sabon amfani. Mu a nan mukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color sun sayar da fiye da miliyan 118.

Duk da haka akwai abin da Lynx ta tuna wanda Nintendo ta manta, wato bahago. An yi mata madannan A da B kashi biyu, sama da ƙasa, kuma ana iya juya ta a kife, hoton ma ya juya, tuƙi ya koma hannun dama. Lynx ba ta yi kasuwa ba, wannan tunani kuma ya tafi tare da ita. Tsarin da ya yi nasara ya zama doka, bahago da badama duk suka koyi tuƙi da hagu. A nan ne ya kamata mu tsaya mu lura: duk wanda ya jera madannai, akwai hannun da ya zana a ransa, kuma akwai hannun da ya bari a waje. Sai a 2018 ne kamfanin Microsoft ya fitar da Xbox Adaptive Controller, wanda aka yi musamman don masu lalurar hannu su haɗa madannai yadda jikinsu zai iya.

Da wasanni suka ƙara sarƙaƙiya, madannai biyu suka kasa. A 1990 Super Famicom ta zo da huɗu a dama, A da B da X da Y, an jera su kusurwa huɗu a tsaye yadda yatsa zai zauna a tsakiya ya kai ga kowanne, aka kuma ɗora biyu a kafaɗun abin riƙon domin manunan yatsu da ke zaune ba aiki. Na'urorin hannu suka bi sahu a hankali: Game Boy Advance ta 2001 ta karɓi na kafaɗa, Nintendo DS ta 2004 ta karɓi huɗun dama, ta kuma dawo da fuska biyu da rufewa irin ta Donkey Kong ta 1982.

Wani darasin ya fito daga kamfanin Sony. Da Teiyu Goto ya tsara abin riƙon PlayStation ta 1994, sai ya sa alamomi a maimakon haruffa. Alwatika na nufin mahangar mai wasa, murabba'i na nufin takarda ko jerin zaɓi, da'ira na nufin i, alamar X kuma na nufin a'a. Haka abin yake a al'adar Japan, inda malami kan zana da'ira a kan amsar da ta yi daidai. Amma da na'urar ta isa Turai da Amurka, masu shirya wasanni suka mayar da X alamar amincewa, da'ira ta zama ta komawa baya. Fiye da shekara 25 madanni guda yana nufin i a wata nahiya, a'a a wata. Sai a 2020, da fitowar PlayStation 5, Sony ta daidaita duniya a kan X, har da Japan, inda masu wasa da dama suka yi ƙorafi domin yatsunsu sun ƙi bin sabon umarni. Abin da hannu ya haddace ya fi abin da aka rubuta a takarda wuyar gogewa.

Mu kuwa ta wata ƙofa tarihin nan ya shigo mana. Wasan maciji da Taneli Armanto ya rubuta wa Nokia 6110 a 1997, wanda magajinsa ya bazu da Nokia 3310 daga shekarar 2000, ba shi da madanni mai rassa huɗu. Amma lambobin 2 da 4 da 6 da 8 a jikin waya suna zaune ne daidai inda sama da hagu da dama da ƙasa suke, sai yatsunmu suka gano mararrabar a ɓoye cikin lambobi. Waɗannan madannan waya su ne kuma muka rubuta saƙonninmu na farko da su, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Wanda ya jera su bai zana harshenmu a ransa ba, mu kuma muka saba rubuta Hausa babu lanƙwasa, har yau da wayoyin zamani suka ba mu haruffan, sabon bai sake mu ba.

Yokoi bai ga yawancin wannan ba. Bayan Virtual Boy ta 1995 ta kasa karɓuwa, ya bar Nintendo a 1996, ya kafa nasa kamfani, ya fara aikin WonderSwan, na'urar hannu da ake iya riƙewa a tsaye ko a kwance. Ya rasu a haɗarin mota ranar 4 ga Oktoba, 1997, kafin ta fito a 1999. Madanninsa kuwa ya ci gaba da rayuwa. A 2017 Nintendo ta cire shi daga Switch, ta sa madannai huɗu rarrabe domin a iya zare ɓangaren hagu a miƙa wa aboki ya yi wasa da shi. Da aka yi Switch Lite a 2019, wadda ba a zare mata komai, sai ga alamar tarawa ta dawo mazauninta na hagu, shekara 37 bayan haihuwarta.

Matasanmu da ke koyon shirya manhaja da wasannin waya a yau za su tarar da tambayar da Yokoi ya tarar, ko da madannansu zane ne a kan gilashi. Wane hannu ne zai riƙe abin nan, na yaro ko na dattijo, na bahago ko na badama? Ina yatsa zai kai ba tare da ya wahala ba? Wace alama ce mutanenmu za su karanta a matsayin i? Duk amsar da suka bayar, in kayansu ya karɓu, ita ce yatsun na baya za su tashi da ita, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba su basirar dubawa da kyau kafin su jera.